Takardar alƙali ba ta tsallake iyaka da kanta

A ƙauyukanmu na wajen Maigatari, aure tsakaninmu da mutanen Damagaram ba sabon abu ba ne. Idan auren ya mutu, miji ya kwashe yara ya tsallaka Nijar, sai ka ji ana ce wa uwar: "Je ki karɓo takarda a kotu, dole ya dawo da su." Wannan magana ta daɗe tana sa mata asarar kuɗin mota da hawaye.

Gaskiya ne a mazhabar Malikiyya uwa ce ke gaba a haƙƙin reno, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Amma ikon alƙalinmu a bakin iyaka yake tsayawa. Jami'an Nijar ba za su yi aiki da hukuncinsa ba sai kotun can ta duba ta amince, ga shi kuma da Faransanci suke aiki, dole a fassara takardun. Akwai yarjejeniyar Heg ta 1980 da ke sa a mayar da yaron da aka gudu da shi, sai dai Najeriya ba ta cikinta.

Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwa mata, da zarar kin ga alamar tafiya, ki kai ƙara tun yaran suna gida, ki kuma adana takardun haihuwarsu.