Maganar jirgin ƙasa da sayen fegi kusa da tasha: ga amsoshin, kowa ya karanta

Duk lokacin da aka tado maganar layin dogon da wai zai tashi daga Ƙaura Namoda ya miƙe Sakkwato har Illela, tambayoyi iri ɗaya ake jefo min, a gidan biki, a bakin masallaci, har a waya da tsakar dare. Ga su nan na haɗa, don Allah wanda zai sake tambaya ya fara karantawa.

An fara aikin ne?

Je ka Ƙaura ka duba. Inda dogo ya tsaya tun 1929, nan yake tsaye.

Ba layin Kano zuwa Maraɗi ne zai biyo ta wajenmu ba?

A'a. Wancan da aka aza harsashinsa a 2021 ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya zai bi. Babu Zamfara a ciki.

Da gaske ne tasha tana tara jama'a?

Kai da kake zaune Gusau kake wannan tambaya? Ai jirgin da ya taso daga Zariya ta Funtuwa shi ya ɗaga garin nan. Kamfanonin Turawa suka buɗe wuraren sayen gyaɗa da auduga, 'yan dako da ma'aikatan reluwe suka zo, Yarbawa da Ibo suka cika Sabon Gari. Amma lura, akwai kayan da jirgin yake ɗauka, ba ginin tashar ne ya kira mutane ba. Da gyaɗa ta ja baya, jirgi ya daina zuwa yadda ya saba, ka ga abin da harabar tashar ta koma.

Kuma ku daina haɗa jirgin tafiya mai nisa da jirgin da ke kai ma'aikata aiki da safe ya maido su da yamma, irin na Legas daga Marina zuwa Mile 2 da ya fara ɗaukar fasinja a 2023. Irin wannan na biyun ne ke sa mutum ya kama haya kusa da tasha, don kullum zai hau. Wanda ke shiga jirgi sau biyu a shekara ba ya ƙaura saboda tasha.

Yaranmu za su samu aiki?

Lokacin gini, eh: leburanci, gadi, tuƙin tifa, walda, mata masu abinci. Kwangila na ƙarewa, wannan ya ƙare. Mai ɗorewa shi ne na bakin tasha, kabu-kabu da Keke Napep, mai shayi, masu masauki, masu sito, shi ma sai in jirgi na zuwa a kan lokaci.

Dillali ya nuna min fegi, ya ce nan za a yi tasha. In saya?

To, nan ne ba zan ce maka eh ko a'a kai tsaye ba, Alhaji, don ya danganta. Da farko shi dillalin a ina ya ga taswirar? Har 'yan safiyo su kafa turaku ana iya karkatar da layi, kuma sabbin tashoshi ba a cika sa su a tsakiyar gari ba, dubi Rigasa a Kaduna da Idu a Abuja, duk gefen gari aka kai su. Rigasa ta samu motsi bayan jirgin Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, ban musa ba, amma unguwa ce mai cike da mutane tun kafin jirgi, kuma shi jirgin nan Abuja yake zuwa, inda kuɗi da aiki suke. Ga kuma ɗaya gefen: jirgin cikin garin Abuja an buɗe shi a 2018, wasu tashoshin ko hanyar mota mai kyau ba ta kai musu ba, ya tsaya a 2020, sai 2024 aka sake tada shi. Wanda ya ci bashi ya sayi fili don wannan jirgin, shekarun nan da me zai biya?

Sannan kusanci da yawa ma matsala ne. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, yana iya soke mallaka don aikin jama'a, kuma diyyar da doka ta fi magana a kai ta abin da ke bisa filin ce, gini ko shuka ko itatuwa. Fegin da ka bari fayau, in layi ya bi ta kansa, kada ka sa ran za a biya ka kuɗin da ka ba dillali. In kuma takardarka ta mai unguwa ce kawai, babu ta ma'aikatar filaye, wahalar ta ninku, balle gonar gado da magada ba su gama rabawa ba.

Saboda haka in kuɗin ajiya ne da ba ka buƙata nan da shekaru masu yawa, wurin kuma yana da hanya da ruwa, mutane na gini ko babu jirgi, ba laifi, saya. In sai ka sayar da shanu ko ka taɓa jarin shago, ni dai ban ba ka shawara ba. Ko a na farkon ma ka je ma'aikata da ƙafarka a duba maka, kada ka aiki dillalin.

Mu 'yan haya za a kore mu?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Haya ba ta tashi don an yi jawabi a rediyo. In mai gida ya ƙara miki yanzu da sunan jirgi, son ransa ne.

Tsaro fa?

Da wannan ya kamata ku fara, amma sai kowa ya gama lissafin riba yake tunawa. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022 ya tsayar da shi har Disamba, masu sana'a a bakin tasha suka zauna haka nan. Layin da zai ratsa dazuzzukanmu, in manomi bai iya zuwa gona ba, me za a loda a tarago?

Yaushe kake ganin zai iso?

Ranar da kuka ga an kafa turaku, an biya diyya, katafila ta shigo, ku kira ni. Kafin nan kada wanda ya sake buga min waya da dare a kan wannan.