Mene ne "ɓoyayyiyar yunwa", kuma me ya sa ta fi addabar mata?

Yunwar da kowa ya sani ba ta buƙatar bayani: ciki ya yi ƙugi, jiki ya rame, idanu su zurma. Akwai kuma wata da ba ta bayyana kanta haka. Mutum zai ci ya ƙoshi sau uku a yini, wani ma har ya yi ƙiba, amma jikinsa yana cikin rashin wasu bitamin da sinadarai waɗanda ɗan kaɗan ake buƙata, sai dai in babu su jini da ƙwaƙwalwa da garkuwar jiki ba sa aiki yadda ya kamata. Wannan ita ce masana abinci da lafiya ke kira ɓoyayyiyar yunwa. Manyan abubuwan da ake rasawa su ne sinadarin ƙarfe, aidin, zink, bitamin A da folet (wani nau'in bitamin B). Sunan ya yaɗu ne bayan taron da hukumomin duniya suka yi a kanta a birnin Montreal na Kanada a 1991.

Asalinta abinci iri ɗaya ne kullum. Shinkafa, alkama, masara da rogo suna cika ciki kuma suna ba da ƙarfin aiki, su ne kuma mafi araha kusan ko'ina. Abubuwan da ke ɗauke da sinadaran, wato nama, kifi, ƙwai, madara, wake, ganyaye da 'ya'yan itatuwa, su ne ake fara ragewa da zarar kuɗi ya yi ƙasa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 mutum fiye da biliyan 2.8 ba su da halin sayen abinci mai gina jiki. Shi ya sa taron ƙoli kan abinci da aka yi a Roma a 1996 bai tsaya ga yawan abinci ba da ya zo fayyace wadatar abinci: ya ce dole ya zama mai tsafta, mai gina jiki. Ƙasa na iya cika rumbunanta da hatsi alhali jinin matanta bai cika ba.

Inda lamarin ya fi tsanani shi ne jikin mace, kuma dalilin farko na halitta ne. Mace tana rasa jini duk wata, don haka buƙatarta ta sinadarin ƙarfe ta ninka ta namiji: kimanin miligiram 18 a yini a shekarun haihuwa, inda namiji baligi ke buƙatar 8. Idan ta ɗauki ciki, buƙatar ta hau zuwa 27, domin jininta na ƙaruwa kuma jaririn daga jikinta yake ɗiba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 sun nuna cewa kusan kashi 30 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini, wato mata fiye da miliyan 500, masu juna biyu kuwa kusan kashi 37. Ba duka ne daga abinci ba. Zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da cututtukan jini na gado kamar sikila suna da nasu kason. Amma rashin sinadarin ƙarfe shi ne kan gaba. Wani bincike da mujallar Lancet Global Health ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa mata biyu cikin uku da ke shekarun haihuwa suna rasa aƙalla ɗaya daga cikin muhimman sinadaran.

Alamominta kuwa su ne abin da ya fi damuna. Kasala, jiri, ciwon kai, haki bayan ɗan aiki kaɗan, bugun zuciya, mantuwa. Wace uwa ce ba ta taɓa kukan waɗannan ba? Sai a ce ai gajiya ce, ai aikin gida ne, ai laulayi ne, zai wuce. Ita kanta haka take faɗa wa kanta. A ganina wannan ne ya fi ɓoye wannan yunwa: mun saba ganin mace a gajiye har mun ɗauka haka Allah ya halicce ta. Sai ranar haihuwa asiri ke tonuwa. Zubar jini bayan haihuwa shi ne babban abin da ke kashe mata masu haihuwa a duniya, kuma jinin da mai lafiya za ta zubar ta tashi, shi ne zai iya tafiya da wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini.

Abin ba ya tsayawa a kanta. Lakar jariri da ƙwaƙwalwarsa suna fara haɗuwa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun ɗauka ba, kuma rashin folet a wannan ɗan tsakanin na iya sa a haifi yaro da buɗaɗɗen gadon baya. Rashin aidin yana kawo maƙoƙo ga uwa, ya kuma tauye basirar yaro tun yana ciki. Rashin bitamin A yana kawo dundumi. Yarinyar da aka haifa da ƙarancin nauyi ta tsumbure, in ta girma ta yi ciki da wuri, sai ta haifi irin kanta. Saboda haka ake yawan maganar kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu.

Dalili na biyu ba na halitta ba ne, mu muka ƙirƙire shi. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa mata su ne kusan kashi 43 cikin 100 na masu aikin gona a ƙasashe masu tasowa, amma ƙalilan ne ke da gonar kansu, kuma taki da iri da bashi sun fi isa hannun maza. A 2021, kashi 31.9 na matan duniya sun fuskanci matsakaicin ko matsanancin rashin abinci, maza kuwa kashi 27.6. A gidaje da dama, wadda ta dafa ita ce ke ci daga ƙarshe, in kuma abin bai isa ba ita ce ke cewa ta ƙoshi. Ƙididdigar da ke auna abinci gida-gida ba ta ganin wannan, domin takan ɗauka an raba daidai.

Magani akwai, kuma an gwada an gani. Sanya aidin a gishiri ya fara ne a Suwizalan a 1922, yau kusan gida tara cikin goma a duniya da shi suke amfani, maƙoƙo kuma ya ja baya matuƙa. Amurka ta wajabta ƙara folik asid, wato folet ɗin da ake haɗawa a masana'anta, a garin hatsi a 1998, yawan jariran da ake haifa da matsalar laka ya ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta riƙa shan ƙwayar sinadarin ƙarfe, miligiram 30 zuwa 60, tare da maikurogiram 400 na folik asid kullum. An kuma samar da irin shuka mai ɗauke da sinadaran tun daga gona: dankali mai launin ruwan lemo a Mozambik da Yuganda, wake mai sinadarin ƙarfe a Ruwanda, gero irin wannan a Indiya. Aikin ne ya sa Maria Andrade, Robert Mwanga, Jan Low da Howarth Bouis suka sami Kyautar Abinci ta Duniya a 2016.

Duk da haka ƙarancin jini ya ƙi sauka. A 2012 ƙasashen duniya sun yi alƙawarin rage shi da rabi a tsakanin mata kafin 2025; lokacin ya zo ba a ko kusa ba, aka ɗaga wa'adin zuwa 2030. Ban ga abin mamaki ba. Ƙwayar magani galibi a wurin awon ciki ake ba da ita, mace kuwa sau da yawa sai cikin ya yi nisa take zuwa, wata sai ta nemi izini da kuɗin mota, alhali rashin ya fara tun tana budurwa. Gishiri ya yi nasara ne saboda ba ya buƙatar izinin kowa: yana shiga tukunya, kowa ya samu. Ƙwai da nama da lokacin zuwa asibiti kuwa sun dogara ga wanda kuɗi ke hannunsa da wanda ke yanke shawara a gida.

Akwai wani ma'auni mai sauƙi da Hukumar Abinci da Noma ke amfani da shi yanzu. Ana kasa abinci rukuni goma, a tambayi mace ita kanta, ba maigida ba, me ta ci jiya dare da rana. In ta ci daga rukuni biyar ko fiye, akwai kyakkyawan zaton tana samun sinadaran da take buƙata. In bai kai biyar ba, tana cikin haɗari, ko da ta kwana a ƙoshe.