Motar wasa mai rimot ta haɗa-da-kanka

Motar wasa mai rimot ta haɗa-da-kanka ƙaramar mota ce da ake sayarwa a warwatse cikin kwali, wato gangar jiki daban, tayoyi daban, injin lantarki, giya, wayoyi da sukurori duk a ƙunshe cikin 'yan ledoji, tare da takardar zane mai nuna yadda za a harhaɗa su. Idan an gama haɗawa, ana tuƙa ta daga nesa da rimot ko da wayar salula. Ana lissafa ta cikin kayan wasa masu ilimantarwa saboda yaro ba ya samun motar sai ya gina ta da hannunsa, kuma a wajen ginin ne yake cin karo da lissafi, lantarki da kanikanci. Bambancinta da motar rimot da ake saya a haɗe shi ne ana iya kwance ta, a gano abin da ya lalace, a sauya shi.

Asali

Sarrafa na'ura daga nesa da igiyar rediyo ya girmi irin wannan mota da kusan shekara 70. A 1898 Nikola Tesla ya nuna wani ɗan jirgin ruwa da yake juyawa ba tare da waya ba a birnin New York na Amurka. Al'adar sayar da kayan wasa a warwatse kuwa ana danganta ta da Frank Hornby, mutumin Liverpool a Ingila, wanda a 1901 ya yi rajistar 'yan ƙarafa masu huji-huji da ake ɗaurewa da noti, waɗanda daga baya aka sani da Meccano.

Motocin rimot na sayarwa sun fara fitowa a tsakiyar shekarun 1960. Kamfanin da ya fi yaɗa na haɗawa shi ne Tamiya na birnin Shizuoka a Japan, wanda a 1976 ya fitar da samfurin Porsche 934 mai aiki da batir. A 1984 ya fitar da Grasshopper, mota mai sauƙin haɗawa da araha, wadda aka yi domin masu farawa. Daga nan sai kwamfuta ta shigo cikin harkar: kamfanin kayan wasa na LEGO ya fito da kayan haɗa mutum-mutumi na Mindstorms a 1998, aka ƙirƙiri allon Arduino, ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni, a garin Ivrea na Italiya a 2005, sannan BBC ta raba wa ɗaliban Birtaniya wata 'yar kwamfuta mai suna micro:bit a 2016. Yawancin masu arha da ke yawo a kasuwa yau ƙirar Sin ne, kuma da yawansu a kan Arduino ko kwaikwayonsa aka gina su.

Abin da ke cikin kwalin

Ginshiƙin motar shi ne faffaɗan allon da komai ke ɗaure a kansa, na roba, katako ko alminiyam. A kansa ake ɗora injin lantarki. Injin shi kaɗai yana juyawa da sauri ƙwarai amma ba shi da ƙarfin tura mota, shi ya sa ake haɗa shi da giya masu rage gudu su ƙara ƙarfi. Ɗan injin nan mai launin rawaya da ake gani a kusan duk masu arha yana juyawa sau 48 kafin taya ta juya sau ɗaya.

Akwai mai karɓar saƙo, wato ɗan allon lantarki da ke sauraron rimot, da kuma mai sarrafa gudu wanda ke ƙayyade wutar da za ta isa ga injin. Domin mota ta yi baya, dole a juya alkiblar wutar, kuma wannan aikin wasu makunnai huɗu ne da aka jera kamar harafin H. A kayan Arduino, allon L298N ne ya fi yin wannan aiki.

Sitiyari iri biyu ne. Motoci masu sauƙi ba su da sitiyari ko kaɗan: tayoyin dama da na hagu kowanne da injinsa, idan ana son kwana sai ɓangare ɗaya ya rage gudu ko ya koma baya, kamar tankar yaƙi. Masu tsada suna da wani ɗan injin da ake kira sabo (servo), mai karkata tayoyin gaba kamar na motar gaske. Saƙon da ke juya shi bugun wuta ne da ke zuwa sau 50 a daƙiƙa. Idan tsawon bugun ya kai kashi 1.5 cikin dubu na daƙiƙa tayoyi na kallon gaba, idan ya ragu zuwa 1 ko ya ƙaru zuwa 2 sai su karkata gefe ɗaya ko ɗayan.

Batir kuma: ƙanana na aiki da AA guda huɗu, kowanne volt 1.5, jimla 6. Masu caji na NiMH volt 1.2 ne kowanne, shi ya sa ƙunshin shida ke ba da 7.2. Na litiyam volt 3.7 ne kowane ɗaya.

Rimot

Tsofaffin motoci suna magana da rimot a kan zangon 27 MHz, 40 ko 49, da doguwar eriya. Matsalarsu sananna ce ga duk wanda ya taɓa ganin yara biyu sun fito da mota iri ɗaya ranar sallah: rimot ɗin wannan sai ya ja motar wancan, rigima ta kaure. Tun daga tsakiyar shekarun 2000 aka koma 2.4 GHz, inda kowane rimot ke ƙulla alaƙa da motarsa kaɗai, motoci da dama su yi tsere a fili ɗaya ba tare da rikicewa ba. Wasu kuma ba su da rimot sam, ta Bluetooth ake tuƙa su da manhaja a waya, sai dai nisansu gajere ne, kusan mita 10. Masu amfani da hasken da ido ba ya gani, irin na rimot ɗin talabijin, su ne mafi rauni, domin hasken rana mai ƙarfi yana rikita su, kuma a tsakar gida a Kumasi ta ƙasar Ghana da azahar wannan ba ƙaramar illa ba ce.

Rabe-rabe

Na ƙananan yara, daga wajen shekara 6 zuwa 8, ba sa buƙatar komai sai ɗan sukurudireba, wasu ma matsa su kawai ake yi su kama. Na tsakiya su ne na Arduino da micro:bit, inda bayan haɗa jiki sai an rubuta wa motar umarni a kwamfuta. Ana iya ƙara mata na'urar da ke aika sauti mai kaifin da kunne ba ya ji, ta auna tazarar bango daga lokacin da amsa-kuwwa ta dawo, motar ta kauce da kanta. Na ƙarshe su ne na manya da matasa, irin na Tamiya, galibi a ma'aunin 1:10, masu ɗaruruwan guntaye, da shokozoba mai mai a ciki, waɗanda haɗa su kan ci yini guda ko fiye.

Abin da yaro ke koya

Lissafin da ke cikin motar a fili yake. Ma'aunin 1:10 na nufin motar gaske mai tsawon mita 4.5 ta koma santimita 45. Idan giyar injin tana da haƙora 20, babbar da take turawa tana da 80, injin zai juya sau huɗu kafin babbar ta juya sau ɗaya. Taya mai faɗin milimita 65 tana cin kusan santimita 20 a juyi ɗaya, don haka idan tana juyawa sau 200 a minti, motar na tafiyar mita 40 a minti. Yaro na iya auna wannan da tef da agogon waya a ƙofar gida, ya ga ko lissafi ya yi daidai da abin da ya faru. Sau da yawa ba ya yin daidai, saboda nauyi, yashi da raunin batir, kuma tambayar dalilin hakan ta fi lissafin kansa amfani.

Darasi mafi girma yana zuwa ne lokacin da aka gama haɗawa, aka kunna, mota ta ƙi motsi. Ko an juya batir, ko waya ta kwance, ko an musanya wayoyin injin ɗaya ta yadda mota ke ta zagaye a wuri guda. Yaron da aka bari ya bi wutar daga batir zuwa makunni, daga makunni zuwa allo, yana gwada abu ɗaya-ɗaya, ya koyi hanyar da kowane makanike ke bi wajen gano cuta. A nan ne kuma iyaye suka fi ɓata lamarin: baba ko kawu ya karɓe sukurudireba don a yi sauri, ya haɗa komai, yaro ya tashi da mota amma bai san cikinta ba. Kalmar "mai ilimantarwa" da ake bugawa a jikin kwali ita ma ba hujja ba ce. Motar da aka rufe giyarta da allonta da gam, yaro bai yi komai ba sai maƙala tayoyi huɗu, ba ta da wani fifiko a kan wadda aka saya a haɗe.

A Kumasi da Accra

Gina mota ba baƙon abu ba ne ga yaran zango. A Aboabo, Asawase da Sawaba na Kumasi, haka a Nima da Mamobi na Accra, an daɗe ana yin motar gwangwani da gwangwanin madara ko na Milo, a yanka tayoyi daga tsohon silifa, a ja da igiya ko a tura da dogon kara. Abin da motar kwali ta ƙara a kan wannan shi ne wuta da rimot. Da yawan yara ma haɗa biyun suke yi, su ciro inji daga lalatacciyar motar wasa ko tsohuwar na'urar DVD su ɗora a kan jikin kwali ko langa-langa.

Kumasi tana da abin da ke taimaka wa irin wannan sha'awa. Suame Magazine na daga cikin manyan matattarar makanikai da maƙeran ƙarfe a Afirka ta Yamma, kuma iyalai da yawa na zango suna da ɗa ko ƙane mai koyon aiki a can. Yaron da ya ga yadda giya ke raba juyi tsakanin tayoyin baya biyu a ƙaramar mota, idan ya leƙa garejin yayansa zai gane abu ɗaya ne a ƙarƙashin trotro, wato ƙaramar bas ɗin haya. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda ta fara a matsayin kwaleji a 1952, ita ma a birnin take. A fannin makarantu, Dokta Ashitey Trebi-Ollennu, injiniya ɗan Ghana a hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ya kafa Ghana Robotics Academy Foundation a 2011, mai shirya wa ɗalibai horo da gasar mutum-mutumi, kuma a 2019 'yan matan makarantar sakandaren Methodist ta Mamfe suka lashe gasar Robofest ta duniya a jihar Michigan ta Amurka.

Kayan daga waje ake shigo da su, saboda haka farashinsu yana bin tashi da faɗuwar sidi, kuɗin Ghana. Abin da ya fi kuɗin sayen wahala shi ne kayan gyara: giyar roba ɗaya ta karye, mota ta kwanta. Ta wannan fuskar na Arduino sun fi dacewa, domin injinsu, allonsu da wayoyinsu iri ɗaya ne a ko'ina, ana iya nemansu ɗai-ɗai a shagunan kayan lantarki na Adum a Kumasi ko na kewayen Circle a Accra, kuma duk mai gyaran waya ko rediyo zai iya liƙa wayar da ta tsinke da dalma.

Hatsari da kulawa

Ba a ba yaron da bai kai shekara 3 ba irin waɗannan kaya, saboda sukurori da ƙananan guntaye na iya shaƙe shi. A gidan haya mai yara da yawa wannan yana nufin a haɗa motar a kan faranti ko tire, a kwashe komai idan an tashi. Ƙaramin batir mai kama da kwabo, wanda wasu rimot ke amfani da shi, yana iya ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi idan aka haɗiye shi, kuma abu ne na garzayawa asibiti nan take.

Batirin litiyam yana son cajarsa ta musamman, ba a barinsa a kan caji a tafi barci, ba a ajiye shi a rana ko cikin mota a rufe, kuma wanda ya kumbura an daina amfani da shi ke nan. Aikin dalma na manya ne ko na matashi da babba a kusa. Ƙurar hunturu tana shiga giya ta haɗu da giris ta riƙa cin haƙora, don haka bayan wasa a ƙasa sai a goge da tsohon burushin haƙori. Da damina kuwa ruwa ne abokin gaba, musamman ga allon lantarki; idan ya jiƙe, a cire batir nan da nan, a bar shi ya bushe sarai kafin a sake kunnawa.