Lambar Zinariya ta Babban Bankin Suwidin

Lambar zinariyar da ake miƙa wa masana tattalin arziki a birnin Stockholm duk ranar 10 ga Disamba, wadda akasarin mutane ke kira lambar Nobel, asalinta daga Babban Bankin Suwidin take, wato Sveriges Riksbank. An kafa wannan banki a 1668, kuma shi ne mafi daɗewa cikin manyan bankunan ƙasashen duniya. Da ya cika shekara 300 a 1968, sai ya assasa kyautar domin tunawa da Alfred Nobel, wanda wasiyyarsa ta 1895, wadda ta kafa kyaututtukan Nobel na asali, ba ta ambaci ilimin tattalin arziki ba ko kaɗan. Ragnar Frisch da Jan Tinbergen ne suka fara karɓar ta a 1969.

Gunvor Svensson-Lundkvist ce ta zana lambar, kuma duk wanda ya duba ta da kyau zai ga cewa sunan bankin bai ɓoya ba. A fuskarta akwai hoton Nobel, kewaye da rubutun da ke cewa "Sveriges Riksbank till Alfred Nobels Minne 1968", ma'ana daga bankin domin tunawa da Nobel. A ƙarƙashin hoton akwai ƙahoni biyu a gicciye, alamar bankin mai nuni da yalwa da wadata. A bayanta kuwa akwai tauraron arewa, tambarin Cibiyar Kimiyya ta Masarautar Suwidin, wadda ita ce ke zaɓen waɗanda suka cancanta. Faɗin lambar milimita 66 ne, nauyinta giram 185, wato ta ɗara sauran lambobin Nobel da ake bayarwa a Suwidin da giram 10.

Sunan mai lambar ba a fuskarta ake sassaƙa shi ba, a gefenta yake, inda ido ba ya saurin kaiwa. Wannan ne ya jawo ruɗani a 1975, lokacin da Leonid Kantorovich na Tarayyar Sobiyat da Tjalling Koopmans na Amurka suka raba kyautar. An musanya musu lambobin bisa kuskure, kowa ya koma ƙasarsa da ta ɗan'uwansa, kuma da yake ana tsakiyar yaƙin cacar baka tsakanin ƙasashen biyu, sai da aka shafe shekara 4 ana kai-komo kafin kowa ya karɓi tasa.