Yanke shawara a madadin mai gigin tsufa

Gigin tsufa, wanda ake kuma kira cutar mantuwa, lalacewar ƙwaƙwalwa ce mai tafiya sannu a hankali, tana cin tunani da magana da gane mutane da iya auna al'amura. Kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu fama da ita nau'in Alzheimer gare su, wanda likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 55 ke da ita. Da yake ciwon kan ɗauki shekaru, lokaci kan zo da iyali za su riƙa yanke shawara a kan kuɗin marar lafiya, maganinsa da abincinsa. A ƙasar Hausa jinya kan faɗa kan 'ya mace, matar gida ko matar ɗa, amma magana ta ƙarshe kan kasance a bakin babban ɗa ko baffa, wanda wataƙila yana wani gari. Rigingimu da yawa daga nan suke tasowa.

Yaushe ake karɓe shawara

Samun cutar ba ya nufin mutum ya rasa ta cewa a kan komai. Tsohuwar da ba za ta iya fahimtar cinikin gona ba tana iya zaɓar ɗakin da za ta zauna da wadda za ta yi mata wanka. Don haka kowace shawara daban ake auna ta. Dokar Ingila da Wales ta 2005 ta kawo ma'auni huɗu na gane ko mutum zai iya yanke shawara: ya fahimci bayanin, ya riƙe shi na ɗan lokacin da zai yi tunani, ya auna amfani da illa, sannan ya nuna zaɓinsa ko da da hannu ne. Dokar ta kuma ce zaɓin da iyali ke ganin wauta ne ba hujja ba ce ta gushewar hankali. Gwajin ya fi kyau da hantsi, a wuri marar hayaniya, da tabarau a ido, domin ruɗewa kan ƙaru daga la'asar zuwa dare.

Idan ta tabbata ba zai iya ba, abin tambaya shi ne me da kansa zai so, bisa halinsa da addininsa da abin da ya sha faɗa yana da lafiya. Sauƙin mai jinya abin dubawa ne, amma ba shi ne gaba ba.

Dukiya

Nan ne zumunci ya fi lalacewa. A fiƙihu akwai babin hajru, wato hana wanda hankalinsa ya raunana sarrafa dukiyarsa, bisa aya ta 5 ta Suratun Nisa'i, kuma alƙali na iya naɗa masa waliyyi. Waliyyin mai riƙon amana ne kawai: dukiyar tana nan ta mai ita, ba a raba gado yana raye. A dokar da Najeriya ta gada daga Ingila kuwa, takardar wakilci ta yau da kullum tana faɗuwa da zarar wanda ya bayar da ita ya rasa hankalinsa, abin da iyalai da dama ba sa sani sai sun je banki. Abin da ke kare mai riƙon kuɗi daga zargi shi ne littafi guda da ake rubuta kowace shiga da fita, da rasit, da wani ɗan uwa na biyu da ke dubawa duk wata. Sa marar lafiya ya dangwala yatsa a takardar sayar da gida alhali bai san me ake yi ba ciniki ne da kotu za ta iya rushewa.

Fita da tsaro

Masu gigin tsufa kan fita neman gidan da suka tashi a cikinsa, ko kasuwar da suka bari shekaru da dama, su ɓace. Ɗaurewa da kulle ɗaki su ne suka fi saurin zuwa rai, kuma su ne suka fi cutarwa: ɗauri yana kashe ƙarfin ƙafa, yana jawo gyambon kwanciya, yana ƙara firgici. Ana fara gwada abin da bai kai su tsanani ba: sakata a can saman ƙofar zaure, ƙararrawa a jikin ƙofa, takarda mai lambar waya a ɗinke cikin riga, sanar da maƙwabta da mai unguwa, da ɗan zagaye tare da rakiya kowace yamma. A rufe rijiya, a ɗauke ashana da makullin mota. Sanar da unguwa yana da wani amfanin: tsohuwar da aka tsinta da dare tana sambatu a wasu wurare ana yi mata ƙazafin maita.

Magani

Magunguna irin su donepezil da memantine suna ɗan rage alamomi ga wasu, ba sa tsayar da cutar. Shawarar da ta fi wuya ita ce ta maganin kwantar da marar lafiya idan ya fara faɗa ko ihu. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2005, ta faɗaɗa shi a 2008 zuwa irin su haloperidol, cewa magungunan taɓin hankali da ake kwantar da marar lafiya da su na ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu wannan cuta. Kafin a kai ga haka a nemi dalili. Ruɗewar da ta ƙaru cikin kwana ɗaya ko biyu sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko taurin bayan gida, ƙishirwa, zazzaɓi ko ciwon haƙori da ya kasa faɗa. A arewacin Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri.

Ciyarwa a matakin ƙarshe

Idan ciwon ya yi nisa haɗiya kan gagara, abinci ya riƙa bi ta hanyar iska yana jawo ciwon huhu. A nan ne ake tambayar iyali ko a saka robar abinci ta hanci ko ta ciki. Da yawa kan amsa saboda tsoron a ce sun bar mahaifinsu da yunwa. Sai dai bincike bai nuna robar tana tsawaita rai ko hana ciwon huhu a wannan mataki ba, kuma sau da yawa sai an ɗaure hannun marar lafiya don kada ya fizge ta. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta fifita ciyarwa da hannu cikin natsuwa: a zaunar da shi bayansa a miƙe, a ba shi da ƙaramin cokali, kunu mai kauri ya fi ruwa tsululu sauƙin haɗiya, a jira ya haɗiye kafin a ƙara, a bar shi a zaune minti 30 bayan ya gama, a goge masa baki. Tari ko sauyin murya lokacin ci alama ce ta a dakata. Wanda ya kwanta ana juya shi duk awa biyu.

Faɗin gaskiya

Tsoho kan tambayi matarsa da ta rasu tuntuni. Idan aka ce ta rasu, sabon makoki ne kowace rana. Idan aka ce ta je unguwa, wasu na ganin an yi wa uba ƙarya. Masu jinya da yawa kan bi ta tsakiya, su ce "Baba, kana kewarta ko?", su bar shi ya ba da labarinta har hankalinsa ya koma kan wani abu.