Guntun jumla da cikakkiyar jumla a nahawun Turanci

Guntun jumla jerin kalmomi ne da aka fara da babban baƙi, aka rufe da aya, alhali bai cika sharuɗɗan jumla ba. A Turanci ana so cikakkiyar jumla ta ƙunshi aikau (wanda ya yi aikin), da aikatau (kalmar aiki) mai nuna lokaci, ta kuma iya tsayawa da ƙafarta. "Birds fly" kalmomi biyu ne kawai, amma jumla ce.

Tarihi

Ra'ayin cewa jumla magana ce mai cikakkiyar ma'ana ya girmi Turanci nesa ba kusa ba. Ana danganta shi ga Girkawa, musamman littafin nahawun da aka ce Dionysius Thrax ya rubuta wajen ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, ko da yake masana sun saɓa kan wanda ya rubuta shi. Daga nan ya shiga nahawun Latin, su kuwa marubutan Ingila suka ɗora nasu a kai. William Bullokar ya fitar da nahawun Turanci na farko a 1586, amma littattafan Robert Lowth na 1762 da Lindley Murray na 1795 su suka fi yaɗa ƙa'idoji a makarantu. Wanda ya karanci Ajurrumiyya, littafin nahawun Larabci, a zaure ba zai ga abin baƙo ba, domin da bayanin magana mai fa'ida littafin ya buɗe.

Yadda ake gane shi

Guntun da ya fi yawa shi ne ganga dogarau, wato sashen jumla mai aikau da aikatau da ke jingine da wani sashe, da aka bari ita kaɗai. "Because the rain started" tana da aikau da aikatau, amma mai ji zai tsaya jiran abin da ya faru saboda ruwan. Haka "although", "when" da "if" suke yi.

Akwai kuma aikatau mai ƙarewa da "-ing" ba tare da mataimaki irin "is" ba: "Musa going to Terminus". Wannan yakan kama mai jin Hausa, wataƙila don "Musa malami ne" jumla ce cikakkiya a Hausa ba tare da aikatau ba, Turanci kuwa ba ya barin "is". Jefar da aikau, kamar "Am coming" da ya cika saƙonnin waya, shi ma guntu ne. Umarni irin "Sit down" bai shiga wannan sahu ba, don an san da "you" a ɓoye.

A Jos

Allunan shaguna a Titin Bauchi da Farin Gada cike suke da guntaye irin "No parking" da "Shop to let", kuma ba wanda ke kiran su kuskure. A jarrabawar WAEC da NECO ne abin ke cin maki, musamman sashen taƙaitawa, inda ake umartar ɗalibi ya amsa da jumloli.

Saɓani

Marubuta labarai da masu talla na amfani da guntu da gangan. Wasu masana harshe na ganin ma'aunin cikar ma'ana bai da tabbas, sun fi dogara da tsarin ganga.