Ma'anar "call off" da abin da ya raba ta da "put off"

Mai koyon Turanci ya san "call" na nufin kira, ya kuma saba ganin "off" a jikin makunnin fitila. Idan ya ci karo da "call off" a jarida, sai ya haɗa biyun ya ɗauka ana maganar katse waya ne. Ba haka ba ne, katse waya "hang up" ake cewa. "Call off" tana cikin rukunin aikatau da malaman Turanci ke kira "phrasal verbs", kuma halinsu shi ne ba a gano ma'anarsu ta hanyar fassara kowane ɓangare shi kaɗai.

Abin da take nufi shi ne a fasa abin da aka shirya yi, ko a janye abin da aka riga aka fara. A ce an kai lefe, an buga katin gayyata, an sayi goro da alawa, ana saura kwana uku ɗaurin aure sai magana ta lalace tsakanin iyayen ango da na amarya. Bature zai ce "They called off the wedding", wato an fasa auren. Haka ake amfani da ita ga taro, wasan ƙwallo, zanga-zanga, yajin aiki, har da neman wanda ya ɓata. Idan masu aikin ceto suka fid da rai suka tattara kayansu, za ka ji an ce "The search was called off."

Inda mutane suka fi zamewa shi ne tsakaninta da "put off". Sun yi kama a ido, amma "put off" ɗagewa ce, abin yana nan, rana kawai aka sauya. A ranar 16 ga Fabrairun 2019, cikin dare, sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna, shugaban hukumar zaɓe ta INEC na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya sanar cewa zaɓen shugaban ƙasa ya koma 23 ga wata. Mutane da dama sun riga sun yi doguwar tafiya zuwa garuruwansu don su kaɗa ƙuri'a. Wannan "put off" ce, ko "postpone" a rubutun hukuma. Haka aka yi a 2015 zamanin Farfesa Attahiru Jega, lokacin da zaɓe ya tashi daga 14 ga Fabrairu ya koma 28 ga Maris. Gasar Olamfik ta nuna fuskokin biyu: ta 1940 da ta 1944 fasa su aka yi gaba ɗaya saboda Yaƙin Duniya na Biyu, ita kuwa ta Tokyo ta 2020 ɗage ta aka yi zuwa 2021 saboda annobar korona.

Akwai ta uku da nake so ɗalibai su riƙe da kyau, domin ta shafi rayuwarsu kai tsaye: "suspend", wato dakatarwa. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, ta dawo 14 ga Oktoba, bayan wata takwas jami'o'in gwamnati na rufe. Kalmar da ƙungiyar ta yi amfani da ita a sanarwarta "suspend" ce, amma kafafen labarai da yawa suka rubuta "ASUU calls off strike". A ganina wannan sakaci ne da ke ɓatar da mai karatu. Wanda ya dakatar yana gaya maka ne cewa buƙatunsa suna nan, kuma zai iya komawa in ba a cika alkawari ba. Wanda ya janye kuwa ya rufe wannan zagayen. Ɗalibin da ya gane bambancin ya san me zai sa rai da shi kafin ya ɗaure jakarsa ya nufi tasha.

Kalmar da ta fi kusa da "call off" ita ce "cancel", kuma a wurare da yawa ɗaya na shiga gurbin ɗaya ba tare da an ji wani abu ba. Sai dai "cancel" ta fi faɗi. Ana iya soke tikitin jirgi, ko caki, ko odar kaya da ita, alhali "call off" ta fi zama a kan abin da mutane ke taruwa su yi. A wasiƙar ofis ma "cancel" ta fi dacewa. "Abandon" ana kawo ta ne idan an fara aka bari a tsakiya, kamar wasan da ruwan sama ya tsayar bayan an dawo daga hutun rabin lokaci. "Scrap" tana da zafi, yin watsi ne da tsari ko shiri kacokan.

Hausa kan ce "an soke" ga abin da ba a yi ba da wanda aka riga aka yi, Turanci kuwa ya raba su. Zaɓen 12 ga Yunin 1993 an gudanar da shi, mutane sun jefa ƙuri'a, daga baya gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe shi. A nan "annul" ake cewa. Abin da aka gama yi ba ya karɓar "call off".

Wajen gina jimla, ana iya raba kalmomin biyu: "call off the meeting" da "call the meeting off" duk daidai ne. Amma da zarar wakilin suna ya shigo, dole ya zauna a tsakiya. "Call it off" ake cewa, "call off it" kuskure ne, kuma irin tarkon da mai shirin rubuta WAEC ko JAMB ya kamata ya lura da shi ke nan. A shuɗaɗɗen lokaci "call" kaɗai ke sauyawa ta zama "called".

"Call off" tana da wata ma'ana ta daban da ba a cika koyarwa ba. Idan karen wani gida ya taso maka, kana iya ɗaga murya ka ce wa mai shi "Call off your dog!", wato ya tsawata masa ya kira shi ya koma. Daga nan aka faɗaɗa ta zuwa mutane: shugaban da ya umarci 'yan barandansa ko lauyoyinsa su ƙyale wani, shi ma "call off" ya yi musu.